Buhu da Kogi a Bakin Mista Lenihan

"Ɗaga ƙafarka, Mista Lenihan! Ko so kake ka ƙara mini aikin goge jini?"

Dulcie Harrigan na durƙushe a barandar maƙwabcinta da tsintsiya a hannu, tana tattara gilashin tagar da aka fasa masa. Rabin bulon da aka jefo yana nan tsakiyar falo, ya kwanta kan darduma kamar baƙon da aka ba wurin zama. Tsohon kuwa na tsaye bakin ƙofa cikin rigar barci, silifas ɗaya a ƙafa, ɗayan Allah kaɗai ya san inda yake.

"Ki bar shi kawai, Misis Harrigan," in ji shi. "Ni da aka sha fasa wa kwalba a ka a gaban kyamara."

"Waɗancan na wasa ne, da sukari ake yin su. Wannan yanka yake yi."

Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta juya ta fuskanci layin. Gidajen bulo ne manne da juna, irin na unguwarsu ta Marrickville, kowane da 'yar barandarsa da ƙaramar ƙofar ƙarfe. Ba kowa a waje, amma ta ga labule ya motsa a gidan da ke kallon nasu, wani ma ya motsa a na kusa da shi.

"Na san kuna ji na!" ta ɗaga murya har kare ya amsa daga ƙarshen layi. "Ba ɗan layin nan ne ya yi jifan ba, wannan na sani. Amma motar da ta tsaya fa? Ba wanda ya ji ta? Duk kun kurumce lokaci ɗaya? Munafukai!"

"Misis Harrigan, muryarki ta fi tawa kaiwa kujerun baya na gidan kallo."

"Kai kuma ka yi mini shiru ka nemo takalminka."

Duk wanda ya ba wa sittin baya a ƙasar nan, da ka ce masa Ambrose Lenihan sai ya fara dariya tun kafin ka rufe baki. A zamanin finafinan baƙi da fari shi ne tauraro, kuma mutum ɗaya ya yi ta fitowa a matsayinsa: tsoho mai baƙin rai wanda ba ya son ganin yara. Yau shi ne mai gidan haya, gobe shugaban tashar jirgin ƙasa, jibi kawun da aka kawo wa marayu. Ya yi ta zare ido yana zagi, a ƙarshe yaran su juye masa buhun fulawa ko su tura shi kwamin shanu, gidan kallo ya kaure da shewa. Da talabijin ta zo, zamani ya wuce ya bar shi. Ya kama haya jikin gidan Dulcie, ba mata, ba ɗa, sai kujerar kaba ɗaya da yake fitarwa baranda duk lokacin tashi daga makaranta.

"An buɗe kejin birai!" haka yake fara musu da ya hango su.

"Tsoho mai kan ƙwai!" su amsa.

"Kai mai kunnen faranti, wa ya ba ka izinin taka inuwata?"

Haka za su yi ta yi, wasa irin na kaka da jika, har iyaye su leƙo su kira 'ya'yansu cin abinci suna dariya. Dulcie, wadda ta yi shekaru tana kallon abin ta saman katanga, ta lura da wani abu. Tsohon bai taɓa sa bakinsa inda yake yi wa yaro ciwo ba. Yaron da ke da ƙiba, kan igiyar takalminsa yake tsokanarsa. Yarinyar da ubanta ke shan giya, cewa yake hancinta ya cika tsayi, alhali ɗan mitsitsi ne. Ya san gyambon kowa, yana kuma zagaye shi.

Sai maganar Voula, 'yar Manoli Bagirike mai shagon soyayyen kifi da dankali a kan kwana. Tana aji biyu uwarta ta rasu, daga ranar kuwa yarinyar ta rufe baki. An kai ta wajen likita, an kai ta wajen limamin cocinsu, ba ta ce uffan ba. Kowa a layin ya koma yi mata magana ƙasa-ƙasa, ana shafa kanta ana "Allah sarki", ita kuma tana ƙara shigewa cikin kanta kamar kunkuru. Wata rana ta tsaya bakin ƙofar tsohon ta zuba masa ido. Ya sauke jaridarsa.

"Ke kuma fa? Me kike kallona da ido kamar na mujiya? Matsa daga ƙofata, ko in cusa ki a buhu in jefa ki kogin Cooks!"

Dulcie na ban ruwan furanninta, saura kaɗan ta juya masa tiyon a fuska. Sai ta ji wata 'yar murya a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Ba za ka iya ɗaga ni ba. Ka tsufa."

Da yamma Manoli ya zo da ƙunshin kifi mai zafi, ya kama hannun tsohon da hannu biyu yana kuka ba kunya. Tun daga nan buhu da kogi suka zama gaisuwar Voula da Mista Lenihan. Kullum sai ya faɗa, kullum sai ta zo da sabuwar amsa.

A haka mutanen talabijin suka same su. Wani saurayi ne ya jagorance su, Rodney, mai dogon saje da faffaɗan laktaye, ya ce shiri suke yi kan taurarin da aka manta. Tsohon ya yi aski, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, Dulcie da kanta ta goge masa riga. Da yara suka taso, Rodney ya ce ya yi yadda ya saba. Ya yi kuwa, har da ƙari, don tsohon ɗan wasa da ya ga kyamara jininsa tashi yake. Ya zare wa Voula ido ya yi mata buhu da kogi, ta ce masa kifayen kogin ma sun fi shi haƙora, layin ya fashe da dariya. Can bayan an gama, Rodney ya tsuguna gaban yarinyar ya tura mata makirufo.

"'Yan mata, mamanki ta san kina zuwa nan? Ina take?"

Voula ta dube shi, ta fashe da kuka. Mai kyamara bai kashe ba. Dulcie na tsaye, da idonta ta gani.

Ranar da aka nuna shirin duk layin na gaban talabijin. Aka cika allo da fuskar tsohon, idanu waje, yana cewa zai cusa yarinya a buhu ya jefa ta kogi. Ba a sa amsarta ba, ba a sa dariyar ba. Abin da ya biyo baya fuskar Voula ce tana kuka. Sannan muryar Rodney, a sanyaye kamar mai ta'aziyya: "Shekara da shekaru muna yi masa dariya. Ashe ba wasa yake yi ba."

Dulcie ta hau bas har gidan talabijin ɗin, da hularta ta zuwa coci. Aka bar ta zaune har ƙafarta ta yi tsami, sannan wata budurwa ta fito ta ce Rodney ba ya nan, kuma ai duk abin da aka nuna bakin mutumin ne ya faɗa.

"Bakinsa ne," in ji Dulcie. "Ke ma in na datse kanki na kai wa uwarki, ai naki ne. Sai ta gode mini?"

Mai gadi ne ya rako ta har titi.

Baƙin da ke rage gudu da mota suna zagi ba su ne suka fi ƙona mata rai ba, ko mai rabin bulo. Waɗannan ba su san komai ba. 'Yan layin ne, waɗanda suka tsaya a wurin suka yi dariya har da riƙe ciki, su ne yanzu ke jan hannun 'ya'yansu su tsallaka ɗaya gefen titin. In ta tare ɗaya sai ta ce, "Ni ma na sani, Dulcie, amma kin san mutane." Waɗanne mutane? Ai ku ne mutanen.

Tsohon ya yi taurin kai. Aka sa sabon gilashi, ya ci gaba da fitar da kujerarsa. Yara na wucewa can tsallake, kai a sunkuye, wani ya ɗan saci kallonsa. Rannan sai ƙwallo ta gangaro ta shige ƙarƙashin ƙofarsa, wata ƙaramar yarinya ta biyo ta, 'yar wasu da suka tare kwanan nan. Fuskarsa ta washe. Ya ɗauki ƙwallon, ya haɗe gira, ya gyara murya.

"Wace ɓarauniya ce wannan? Bari in ɗauko buhuna!"

Yarinyar ta sandare. Ta ƙwala ihu irin wanda ba na wasa ba, fitsari ya biyo ƙafarta har cikin safa. Uwarta ta fito da gudu ta sure ta, tana cewa za ta kira 'yan sanda. Da suka shige, tsohon na nan zaune da ƙwallon a cinya.

"Misis Harrigan," ya ce ba tare da ya juyo ba, "maganar ita ce dai. Ban ƙara mata komai ba."

"Uwarta ce ta cika mata kunne."

"Ta ji tsoro da gaske. Kin ga idonta?" Ya juya ƙwallon a hannu. "Duk tsawon aikina ban taɓa tsorata yaro ba. Ko ɗaya. Su suka san ni, shi ya sa."

Ya miƙa mata ƙwallon ta saman katanga ya ce ta mayar. Sannan ya ja kujerar ya shigar da ita ciki, bai sake fitar da ita ba.

Sanyin Yuli, lokacin hunturun ƙasar nan, ya shigo ya same shi a haka. Tari ya fara, ya sauka ƙirji. Likita ya ce asibiti, tsohon ya ce sai dai gawarsa. Dulcie ta koma ita ce mai dafa masa romo, mai canza zanin gado, mai faɗa da shi kan magani. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ya daina rama mata. Ta ce masa ya koma kamar tsumma, ya ce, "Gaskiyarki." Ta ce romon ya fi ƙarfin wanda bai yi aikin komai ba, ya ce, "Na gode, Misis Harrigan." Ranar da likita ya ja ta gefe a tsakar gida ya girgiza kai, ko rigar girkinta ba ta cire ba ta nufi kan kwana.

Shagon cike yake da masu jiran kifi. Manoli na jujjuya kwandon dankali cikin mai.

"Manoli! Mutumin da ya buɗe bakin 'yarka yana can yana mutuwa."

"Misis Harrigan, don Allah, ba a nan ba."

"A nan ɗin! A ina ka yi kukanka ranar? A ɓoye? A baranda ka yi shi, kowa na kallo, har da majina. Kai kana wurin da aka ɗauki hoton nan. Ka san abin da ya sa ta kuka. Kalma ɗaya ta gagare ka?"

Manoli ya dire kwandon har mai ya fantsama. Ya zagayo, fuskarsa ja wur, ya rage murya.

"Kin san wa ya zo gidana? Wata mata daga ofishin kula da yara. Ta buɗe firjina. Ta leƙa gadon yarinya. Ta ce mini, namiji shi kaɗai, ba mata a gida, yana tsaye a shago har dare, ya bar 'yarsa wajen irin wannan mutumin. Ta ce za ta dawo. Ke 'yar ƙasa ce, ki yi ihu yadda kike so. Ni in na yi ihu, ɗauke mini ita za su yi. Ita kaɗai gare ni."

Maganar ta ƙara wa Dulcie haushi. Ta juya kan masu jiran kifi, rabinsu 'yan layin ne.

"To shi yana da dalili. Ku fa? Wa ya buɗe firjinku?"

Kowa ya shiga duban ƙasa. Can bayan kantar shagon, kusa da buhunan dankali, ta hango Voula tsaye da littafin makaranta a ƙirji, ba ta ko ƙifta ido.

Washegari da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofar tsohon. Manoli ne, ya rufe shagon da rana tsaka, yana riƙe da hannun 'yarsa. Bai bi ta lungun baya ba, ta tsakiyar layi ya taho.

"Tun jiya ba ta ce mini komai ba," ya ce. "Ko kalma. Ba zan iya komawa wancan shirun nata ba."

Ɗakin na warin man zafi da romo. Tsohon ya zube cikin matasai, fuskar da ta taɓa cika allon silima ta koma kamar ta tsuntsu. Ya buɗe ido ya ga yarinyar.

"Voula. Sannu, 'yata. Kin kyauta da kika zo. Allah ya yi miki albarka."

Yarinyar ta ja da baya kamar an mare ta. Ta dubi Dulcie, idonta ya ciko.

"Anti Dulcie, me ya sa yake mini magana haka?"

"Tambaye shi."

Voula ta matsa jikin gadon, ta dunƙule hannu.

"Kai ba shi ba ne. Shi ba ya cewa sannu." Ta ja hanci. "Ka yi muni. Ka fi da muni. Kanka kamar dafaffen ƙwan da aka manta a tukunya."

Ƙirjin tsohon na hawa yana sauka da ƙara. Sannan a hankali gira ɗaya ta ɗaga, ɗayar ta bi ta, suka haɗe a tsakiya.

"Wa ya bar wannan mujiyar ta shigo mini ɗaki?" Muryar ba ta fi raɗa ba, amma tasa ce. "Misis Harrigan, ƙirga mini cokulana. Irinsu hannu gare su kamar ƙugiya."

"Cokulanka duk sun lanƙwashe, wa zai sata?"

"Ji baki. Manoli, wannan a kasuwa ka sayo ta? An cuce ka. Ka mayar."

Manoli ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya fita tsakar gida da sauri. Tsohon ya so ya ƙara, tari ya ci ƙarfinsa. Voula ta riƙe masa kofin ruwa tana gaya masa ko shan ruwa bai iya ba. Ba su tafi ba sai da barci ya ɗauke shi.

Da safe Dulcie ta shiga kicin ta dafa masa shayi. Ta dawo da kofin ta tarar ya riga ya tafi, kansa ya karkata wajen taga, bakinsa a ɗan buɗe. Ta ajiye shayin, ta rufe masa ido, ta zauna bakin gadon. Ta jira hawaye, ba su zo ba. Zuciyarta ce kawai ke tafasa.

Ranar jana'iza layin ya cika. Masu labule duk sun fito cikin baƙaƙen kaya, wata har da faranti na kek. Da aka dawo daga maƙabarta sai ga motar talabijin a ƙofar gidan, ga Rodney da baƙin laktaye, yanzu shirin tunawa da gwarzo suke haɗawa. Matar gidan da ke kallon nasu tana gaban kyamara tana share ido, tana cewa mutum ne mai son yara, layin ba zai taɓa zama daidai ba. Rodney ya hango Dulcie ya taho da makirufo.

"Uwa, an ce ke kika yi jinyarsa. Ko za ki gaya wa masu kallo wane irin mutum ne?"

"Ni ba uwarka ba ce. Da ni ce, da na ji kunya." Ta dubi cikin kyamarar. "Kunna da kyau. Wannan yaron ya tambayi marainiya ina uwarta, ta yi kuka, ya ɗauki kukan ya liƙa wa tsoho. Waɗannan kuma da ke bayana suna wurin, suka yi gum. To na faɗa. Je ka datse. Ka bar inda na ce 'marainiya', ka bar inda na ce 'tsoho', sauran ka san yadda kake yi da shi."

Rodney ya yi wa mai kyamara alama ya sauke. Ya yi murmushin yaƙe, ya waiga yana neman wata fuskar, idonsa ya faɗa kan Voula. Kafin ya ɗaga ƙafa Manoli ya sha gabanta, ya harɗe hannuwansa masu tabon mai a ƙirji. Masu talabijin suka naɗe wayoyinsu suka tafi. A shirin da aka nuna, mai share ido ta fito, Dulcie ba ta fito ba.

Da jama'a suka watse ta shiga gidan don ta rufe tagogi, hadari ya haɗo daga kudu. Ta ƙofar baya ta hango igiyar shanya. Rigunansa biyu da ta wanke tun kafin ya cika suna nan, da safa ƙafa ɗaya, iska na kaɗa su. Yayyafi ya fara sauka kan kwanon rufi. Ta fita da sauri ta cire su, ta rungumo su a ƙirji ta dawo kicin. Ta shimfiɗa ta farko kan tebur, ta ɓalla maɓallan tun daga wuya har ƙasa, ta miƙar da hannuwan, ta ninke.